Lambar 2,147,483,647 ta cinye mana rajistar iyayen yara: wai gaskiya ne ba ta rabuwa?

Akawun_Makaranta:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ni akawu ne a wata makaranta mai zaman kanta. Farkon zangon nan mai makarantar ya sa wani yaro ya haɗa mana manhajar rajista, muka kwana uku ni da abokiyar aikina muna shigar da sunayen ɗalibai da lambobin wayar iyayensu. Jiya za mu tura saƙon taron iyaye da malamai, ina buɗewa sai na ga lambar kowane uba ta koma 2147483647. Kowa da kowa, tun daga 'yan nazare har 'yan aji shida. Na kira yaron ya ce yana tafe, har yanzu shiru. Ƙanena da ke jami'a ya ce wai lamba ce ta musamman, babu abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta, wai shi ya sa masu ƙera kwamfuta suka zaɓe ta ta zama iyaka. Tambayata biyu ce. Gaskiya ne lamba mai girma haka ba ta rabuwa? In gaskiya ne, don haka ne aka zaɓe ta?

Dan_Tasha:
Ka kira lambar mana, wataƙila uban yaran duka ne ya ɗauka.

Mai_Manhaja:
Wa alaikumus salam Malam Akawu. Sannu da wannan aiki. Laifin yaron ne. Ya ajiye lambar waya a matsayin adadi na lissafi, a ma'aji mai gurbi 32, alhali a matsayin rubutu ake ajiye ta. Kowane gurbi 0 ne ko 1. Guda ɗaya an ware shi don nuna ko adadin na sama da sifili ne ko na ƙasa, saura 31. In ka cika su duka da 1, abin da ka samu shi ne 2,147,483,647. Lambobin wayarmu kuwa in ka cire sifilin farko, harafi goma ne masu farawa da 7 ko 8 ko 9, wato biliyan bakwai zuwa tara. Kwano ya cika, sai ma'ajin ya yanke ya ajiye iyakar abin da zai iya ɗauka. Abin da ba zan ɓoye maka ba: lambobin asali sun tafi. In kuna da su a takarda, ku nemo takardar.

Akawun_Makaranta:
Innalillahi. Takardun na nan a kwali, amma aikin kwana uku ya sake dawowa ke nan.

Bakatsine_77:
Ai ba sai an wahala ba. Lambar ta ƙare da 7, kuma mara ce, ba cika ba. Duk irin waɗannan ba sa rabuwa: 7, 17, 37, 47.

Malama_Alli:
Ɗan'uwa Bakatsine, ka tsallake 27 a jerin naka, ko don ka san 3 sau 9 ce? 57 ma 3 sau 19 ce. Harafin ƙarshe abu biyu kawai yake gaya maka: 2 ba ta raba ta, 5 ba ta raba ta. Sauran sai an gwada.

Bari mu gwada a nan yadda nake sa 'yan ajina. Haɗa haruffanta: 2+1+4+7+4+8+3+6+4+7, ya ba da 46. 3 ba ta raba 46, saura 1, don haka 3 ta fita, 9 ma ta fita. Raba da 7, saura 1. Raba da 11, saura 1. Raba da 31, nan ma saura 1. Sai a 13 ne sauran ya zama 10. Wannan yawan “saura 1” akwai dalilinsa. Maƙwabciyarta ta ƙasa, 2,147,483,646, ita ce mai yawan dangi: 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331. Tamu ta ɗara ta da ɗaya tak, shi ya sa duk waɗannan suke barin ɗaya.

Amsar tambayar farko dai: e, ƙanenka ya yi gaskiya, ba ta rabuwa.

Bakatsine_77:
Na karɓi gyara Malama. Amma gwajin lambobi shida ko bakwai bai isa a yanke wa biliyan biyu hukunci ba. Sauran fa? Wa ya zauna ya gwada su duka?

Malama_Alli:
Yanzu ka yi tambaya. Ba sai an gwada duka ba. In lamba tana rabuwa, masu raba ta bibbiyu suke zuwa, ƙarami da babba, kamar 4 da 25 a wajen 100. In ka binciki ƙananan ba ka samu ba, babu manyan. Iyakar ƙananan a nan 46,340 ce, don 46,341 sau 46,341 ya riga ya wuce lambarmu. A cikinsu ma marasa rabuwa kaɗai za ka gwada, kusan 4,800. Wayar da ke hannunka za ta gama kafin ka ƙifta ido.

Uwar_Biyu:
Ni ku fara gaya mini yadda ake faɗinta da Hausa, idona ya gaji da ƙirga waƙafi.

Baba_Mai_Ritaya:
'Yata, biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Kakanninmu da sun ce malala gashin tunkiya su huta.

Yar_Damagaram:
Mu nan miliyar biyu muke cewa, ba biliyan ba. Kuma Malam Akawu, da a Nijar kake da wannan bai same ka ba, lambobinmu harafi takwas ne, kwanon zai ɗauke su. Sai dai in yaron ya haɗa da 227 a gaba, to nan mu ma mun faɗa ramin.

Almajirin_Hisabi:
Ina so in ƙara a kan maganar Malama, don wanda ya fara tabbatar da wannan ba shi da waya, idon ma ba shi da shi sosai. Leonhard Euler ne, mutumin Basel ta Suwizalan da ke zaune a Rasha, a 1772, lokacin da ganinsa ya kusa tafiya gaba ɗaya. Ya sanar da abin a wasiƙar da ya aika wa wani masanin lissafi mai suna Bernoulli. Bai gwada 4,800 ba. Lambar nan 2 ce aka jera sau 31 aka ninka da juna, aka cire 1. Irin wannan lamba, in yawan jerin shi kansa ba ya rabuwa, duk abin da zai raba ta dole ya zama ninkin jerin sau biyu da ƙarin 1. A nan wato ninkin 62 da ƙarin 1: 63, 125, 187, 249, 311, haka dai. Euler ya ƙara tacewa, ya nuna dole in ka raba mai rabon da 248 sauran ya zama 1 ko 63. Sai 'yan takarar suka ragu zuwa ƙasa da 400. Ya bi su, babu wadda ta shiga. Kusan shekara 95 ita ce mafi girma da aka sani a cikin lambobi marasa rabuwa, sai a 1867 aka samu wadda ta wuce ta.

Dan_Tasha:
Makaho ya ga abin da mu masu ido huɗu ba mu gani ba. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.

Uwar_Biyu:
Wannan “2 sau 31 a cire 1” ban gane ba. A yi mini da kuɗi, da kuɗi nake ganewa.

Malama_Alli:
To Hajiya, a ce adashi ne. Ranar 1 ga wata kin zuba kwabo 1, ranar 2 kwabo 2, ranar 3 kwabo 4, kullum ninkin na jiya. Ranar 10 duk abin da ke asusun Naira 10 da kwabo 23 ne, abin dariya. Ranar 20 ya kai Naira 10,485 da kwabo 75. In watan mai kwana 31 ne, ranar ƙarshe jimillar kwabo 2,147,483,647 ce cif, wato Naira 21,474,836 da kwabo 47. Ga inda abin yake da daɗi: da watan mai kwana 30 ne, kuɗin za su rabu daidai tsakanin mutum 3, ko 7, ko 9, ko 11. Amma na kwana 31, ko ku nawa ne sai kwabo ya yi saura, sai dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko a tara mutum biliyan biyu da ɗoriya kowa ya ɗauki kwabo ɗaya.

Uwar_Biyu:
Yanzu na gane. Ni ce mutum ɗayan, a kawo.

Bakatsine_77:
To ashe doka ce. 30 tana rabuwa, jimillarta ta rabu. 31 ba ta rabuwa, jimillarta ta ƙi. Ke nan watan Musulunci mai kwana 29 shi ma ba zai rabu ba, tunda 29 ba ta rabuwa.

Almajirin_Hisabi:
Rabin maganarka daidai ne Yaya. In kwanakin suna rabuwa, jimillar dole ta rabu. Amma in ba sa rabuwa, babu tabbas. Na kwana 29 kwabo 536,870,911 ne, kuma 233 × 1,103 × 2,089 ne. Ƙaramin misali: kwana 11 ya ba da 2,047, ga ta mara, ga ta ta ƙare da 7 irin yadda kake so, amma 23 × 89 ce. Ka lura 23 da 89 duk ninkin 22 ne da ƙarin 1, dokar da na faɗa ɗazu. Waɗanda suka tsira su ne kwana 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, sannan 31. Tamu ita ce ta takwas. Ana kiran wannan dangi da sunan Marin Mersenne, wani limamin Kirista Bafaranshe da ya fitar da jerinsu a 1644. Ya sa 31 a ciki ya dace, ya sa 67 ya yi kuskure. Sai a 1903 wani Ba'amurke, Frank Cole, ya nuna masu raba ta 67 ɗin: 193,707,721 da 761,838,257,287. Wani ƙarin ado kuma, 31 ita kanta 'yar dangin ce, jimillar kwana 5 ce. Wato uwa 'yar gidan, 'ya ma 'yar gidan. Guda huɗu kacal aka sani masu wannan siffa.

Liman_Na_Unguwa:
Assalamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu, sai na ga abin bai yi nisa da karatunmu na zaure ba. A rabon gado, in za mu gyara mas'ala muna duba lambobi biyu ta fuska huɗu: tamasuli in iri ɗaya ne, tadahuli in ɗaya ta shige cikin ɗaya kamar 3 da 6, tawafuƙi in akwai wata da ke raba su duka kamar 4 da 6, tabayuni in babu abin da ya haɗa su kamar 3 da 8. To wannan lamba taku, bisa bayanin Malama, tabayuni ne tsakaninta da duk lambar da ke ƙasa da ita. Ba ta da sumuni, ba ta da sudusi, ba ta da sulusi. In dukiyar mamaci ta zo daidai wannan adadi na kwabo, mai rabo zai sha gumi. Masu hisabi na Larabawa suna ce wa irinta adadi awwal. Suna kuma kasa lambobi uku: naƙisi, tammi, za'idi, gwargwadon jimillar masu raba lamba in an cire ita kanta.

Malama_Alli:
Allah gafarta Malam, ka kawo mu gida. A wannan kason tamu naƙisa ce ta ƙarshen ƙarshe, don jimillar masu raba ta 1 ne kawai. 12 za'ida ce, 1+2+3+4+6 ya ba da 16. 6 da 28 su ne tammi, 1+2+3, da kuma 1+2+4+7+14. Abin mamakin, wannan naƙisar ita ke haifar da tammi. Tun zamanin Iƙlidis na Girka aka san in jimillar adashin nan ba ta rabuwa, ka ninka ta da zubin ranar ƙarshe, za ka samu tammi. Kwana 3: jimilla 7, zubin ƙarshe 4, ya ba da 28. Kwana 31: 2,147,483,647 sau 1,073,741,824, ya ba da 2,305,843,008,139,952,128. Ita ce tammi ta takwas, bayan 6, 28, 496, 8,128, 33,550,336 da wasu biyu. Duk waɗanda aka samu cika ne, har yau ba a ga tammi mara ba, ba a kuma tabbatar babu ba.

Baba_Mai_Ritaya:
Ni abin da ke damuna suna. Tun ɗazu kuna ta “mara rabuwa, mara rabuwa”, ga kuma “mara” ta cika-ko-mara, yaro zai rikice. Muna da gagara-gasa, muna da gagara-badau. Me zai hana mu ce gagara-rabo?

Yar_Damagaram:
Baba wannan ya zauna. Gagara-rabo. Mu da muka yi lakwal da Faransanci “ta farko” ake ce mana, irin na Larabcin da Liman ya faɗa, ban taɓa jin ya shige ni ba.

Bakatsine_77:
Ni ban yarda ba. Rabo a Hausa ai har da arziki. Ka ce wa ɗalibi gagara-rabo sai ya ɗauka lambar marar sa'a ce. Gagara-kaso ya fi.

Dan_Tasha:
Kai da aka gyara ka sau biyu yau, bari manya su raɗa suna.

Akawun_Makaranta:
Jama'a na gode, amma kun tafi gado da raɗin suna kun bar ni a tasha. Tambayata ta biyu fa? Don gagarar tata aka zaɓe ta?

Mai_Manhaja:
A'a, a nan ƙanenka ya haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Babu wanda ya zaɓe ta. Gurbi 32 aka zaɓa, ita kuma ta faɗo. Hujja: ma'aji mai gurbi 16 iyakarsa 32,767, kuma 7 × 31 × 151 ce. Mai gurbi 32 da ba ya ware gurbin alama iyakarsa 4,294,967,295, ta ƙare da 5, ko ɗan firamare ya san tana rabuwa. Mai gurbi 64 da ake amfani da shi yanzu iyakarsa 9,223,372,036,854,775,807, kuma 7 tana raba ta. In da gagara-rabo ake nema, da duk waɗannan ba su samu shiga ba. Dace ne kawai.

Injiniya_Zangon_Kumasi:
Mai_Manhaja, a kan iyakar ma'aji ina bayanka. Amma kar ka ce babu wanda ya taɓa zaɓenta don gagararta. Akwai tsohuwar dabarar sa kwamfuta ta fitar da lambobin kan-mai-uwa-da-wabi, irin na ƙuri'a da wasanni. Ka ɗauki lamba, ka ninka da 16,807, ka raba da 2,147,483,647, sauran shi ne lamba ta gaba, ka sake. Wasu masana kwamfuta biyu, Park da Miller, sun ba da shawarar a riƙe ta a matsayin ma'auni a 1988. Saboda mai rabon gagara-rabo ce, kuma an zaɓi 16,807 da kyau, sai ta zaga duk lambobi daga 1 har 2,147,483,646 kafin ta maimaita ko ɗaya. Da mai rabuwa ce da zagayen ya gajarce. To a nan an zaɓe ta da gangan, don ta cika kwanon daidai kuma ba ta rabuwa. Ƙanen Malam Akawu bai yi ƙarya duka ba.

Mai_Manhaja:
Na yarda da wannan Injiniya. Amma ba shi ya cinye wa Malam Akawu lambobi ba.

Injiniya_Zangon_Kumasi:
Ban ce shi ba ne. Cewa na yi “dace ne kawai” ya yi kaɗan. Dacen da aka gano aka mora ya wuce dace.

Kanwar_Kowa:
Ni na san lambar nan daga wasan waya. Yayana ya yi wata dabara kuɗinsa na wasan suka tsaya a 2,147,483,647, ya ƙara cin wani abu sai suka koma bashi, da alamar ragi a gaba. Kwana biyu bai ci abinci da daɗi ba. Kuma ba ita ce ta lalata YouTube ba a 2014, da wata waƙar Koriya ta Kudu ta wuce wannan adadi na masu kallo?

Mai_Manhaja:
Ƙanwata, na yayanki shi ne ɗaya halin. Wani ma'ajin yankewa yake yi ya tsaya, irin na makaranta. Wani kuma juyawa yake, ka ƙara 1 ya koma −2,147,483,648, kamar mitar tsohuwar mota da ta cika ta dawo farko. YouTube kuwa bai lalace ba. A Disambar 2014 sun sanar cewa bidiyon ya sa sun koma gurbi 64, amma sun yi gyaran kafin ya kai.

Wanda ke gabanmu shi ne na agogo. Na'urori da yawa suna ƙirga lokaci da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairun 1970. Daƙiƙa 2,147,483,647 shekara 68 ce da 'yan kwanaki. Za ta cika ranar 19 ga Janairun 2038, ƙarfe 4:14 da daƙiƙa 7 na asuba agogon Najeriya da Nijar, 3:14 a wajen su Injiniya. Duk na'urar da ke kan gurbi 32 ba a gyara ta ba, daƙiƙa ɗaya bayan nan za ta ce 13 ga Disambar 1901 ake.

Baba_Mai_Ritaya:
1901! Sarki Alu na kan gadon Kano ke nan, Turawa ba su shigo ba sai 1903. In Allah Ya kai mu, ku tashe ni in ga na'urar da za ta mai da mu can.

Uwar_Biyu:
Wato in mutum ya fara ƙirga ta ɗaya-ɗaya ranar sunansa, ba barci ba cin abinci, sai ya yi furfura kafin ya kai. Ni dai na janye daga adashin, a ba ni a dunƙule.

Almajirin_Hisabi:
Kuma a danginta jaririya ce Hajiya. A 1876 wani masanin lissafi Bafaranshe, Édouard Lucas, ya tabbatar da ta kwana 127 da hannu, harafi 39. A Oktoban 2024 masu aikin sa-kai na GIMPS, wani shiri na farautar irin waɗannan lambobi da kwamfuta, suka samu ta kwana 136,279,841, mai harafi 41,024,320, ita ce ta 52 da aka sani a gidan Mersenne. Tamu harafi 10 ce.

Bakatsine_77:
To ni har yanzu akwai abin da bai kwanta mini ba. Daga 19 an yi tsalle zuwa 31, an bar 23 da 29. Bayan 31 sai wace? 37?

Almajirin_Hisabi:
223 tana raba ta 37. Sai 61, daga nan 89, 107, 127.

Bakatsine_77:
Daga 31 zuwa 61? To mene ne tsarin tsallen? Dole akwai tsari.

Malama_Alli:
In ka samo shi Yaya, ka fara kawo mana nan zaure kafin ka kai wa Turawa.

Akawun_Makaranta:
Yaron ya zo yanzu. Ya ce shi ma a wani bidiyo ya koya, bai san lambar waya rubutu ba ce. Ya gyara gurbin, na gwada da lambata ta zauna daidai har da sifilinta na gaba. Ƙanena kuma na tura masa maganar Mai_Manhaja, shi kuma ya turo mini ta Injiniya, wai shi ya ci. An sauko da kwalin takardu, mun fara daga aji ɗaya.